Ranar da Nasara ya durƙusa a turken jakina

Shekaru sun ja, haƙora sun zube, amma abin da na gani a gidana a Guci, zamanin da kumandan na Nasara ke mulki a Magarya, ba zai fita raina ba sai ran da aka rufe ni.

A shekarar ƙuduji ya cinye mana wake. Ciyawa ce da ke kama saiwa ta tsotse, sai ganye ya yi rawaya ya bushe. A gonata sai wasu gindi kaɗan can bakin daji suka tsaya kore shar. Da na duba, ƴaƴansu ƙanana ne, baƙaƙe, kwanson yana fashewa da kansa. Na ce waken gizo ne ya shigo mini, ba ya ciwuwa, zai kuma ɓata iri. Na tuge su duka na zuba wa jaki.

Kwana biyu sai ga wani Nasara mai aikin noma a ƙofata, da tafinta da maigari. Na fito a tsorace, don a lokacin Nasara ba ya zuwa gidan talaka da alheri.

Tafinta ya ce, “Malam, an ce akwai waken da bai mutu ba a gonarka. Yana ina?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, jaki ya ci.”

Da aka fassara masa, fuskarsa ta yi ja. Na saddaƙar bulala ce. Sai kawai ya wuce turke, ya cire hula, ya durƙusa yana tona ƙasa da kashin jaki da hannunsa. Mutumin da muke cire wa takalmi tun daga nesa! Maigari ya kawar da kai yana salati.

Ƙwaya tara Nasaran ya tsinto. Tafinta ya ce, “Wai ka sani waken gizo shi ne kakan waken gida, kuma kowane gindi da halinsa: wani ya jure fari, wani ƙwari. Ƙudan zuma ne suka haɗa naka da wanda ƙuduji bai iya masa.”

Nasaran ya tafi da biyar, ya bar mini huɗu. Ba mu sake jin labarinsa ba. Maiɗakina ce ta karɓe su ta ce, “Maigida, a hannunka dai ba za su kwana ba.” Ita ta yi ta shukawa, tana zaɓen masu girman ƙwaya duk kaka. Wasu suka koma na daji, wasu suka mutu. Sai a damina ta shida muka ci ƙosai da shi, a shekarar da maƙwabta suka sake rasa nasu suka zo roƙon iri.

Tun daga nan, in na ga tsiro ya rayu inda ƴan’uwansa suka mutu, ba na sa masa hannu sai na tambayi dalili.