Sunan da Malam Halliru Ya Rufe

Kafin alƙali ya iso, Malam Halliru ya riga ya jingine kekensa ya buɗe ɗakin ajiyar takardun kotu, ya durƙusa yana duba ƙafafun kanta. Kowace ƙafa tana cikin gwangwanin baƙin mai, saboda gara. Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan a Kazaure. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Akwai abin da yake yi da abokan aiki ke masa dariya. Duk ƙarar da alƙali ya kora don ba huruminsa ba ce, ta kotun tarayya ce, sai ya ɗaure fayil ɗin da jan zare ya ware shi. Har suka raɗa masa Sarkin Korarru.

Bana 'yata Bahijja, mai koyar da shari'a a jami'a, ta zo gida a rame. An ɗora mata darasin hurumin kotun tarayya, saura mako biyu a fara.

"Baba, misalan littattafan duk na jiragen ruwa ne a Ikko. Ɗalibina ɗan Roni ko teku bai taɓa gani ba."

Wani lauya ya tura ta wurin Malam Halliru. Malam Halliru ya nemo izini daga sama, ya kwance jan zarensa, ya ɗaukar mata hoton ƙararraki arba'in na mutanen Gwiwa, Roni da Babura, kowacce da dalilin korarta.

Ta baza su a tabarmata tana murna. Bokona bai wuce haɗa baƙi ba, amma na gane ɗaya: atamfa turmi sittin da kwastan suka riƙe a Babura. Tawa ce. A lokacin Malam Halliru ya gaya mini ta taga, "Alhaji, wannan ba ta nan ba ce, kada ka ɓata ƙafarka." Na ƙi ji. Da aka kori ƙarar, na zauna a majalisarmu ta ƙofar masallaci na ce an ba shi cin hanci. Shekara goma sha tara ban janye ba.

A wannan takarda kaɗai babu sunan mai ƙara. Ya liƙe wurin da farar takarda kafin a ɗauki hoton. Da Bahijja ta tambaye shi dalili, cewa ya yi, "'Yata, darasin ake nema, ba mutumin ba."

Malam Halliru, kai ne ka tsare takarda daga gara, ka tsare uba daga kunya a gaban 'yarsa, uban da bai tsare maka komai ba. Allah ya saka maka. Ku matasan ofis, ku je ku ga ƙafafun kantarsa kafin ya miƙa makulli.

Sunan da ka rufe kuwa, ni na buɗe shi: Muhammadu Lawal. Ranar Juma'a, a majalisar da na ɓata ka, a tsaye zan nemi gafararka.