Tayoyin da Mai Ƙwai Ya Zaɓa wa Auta

Mai Ƙwai muke ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Ni kuma Mai Faci, rumfata tana daidai inda kwalta ta ƙare hanyar ƙasa ta soma. Tun muna samari muke tare. Ban yi nisa a karatu ba, amma tunda ya rasu nake jin ya kamata wani ya faɗi irin mutumin da yake.

Gidan kajinsa yana bayan gari, a nan kuma yake zaune da iyalinsa. Tsakaninsa da kwalta akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya da damina. Taɓon wurin baƙi ne mai danƙo, in ya kama takalminka sai dai ka bar masa. Kullum da safe yakan ratsa kwarin da mota cike da ƙwai, ya hau kwalta ya raba wa masu shaguna, da yamma ya koma da abincin kaji. Ranar da bai fito ba wani zai kai musu, kuma mai shago in ya saba da wani ya saba ke nan.

Motar tsohuwar jif ce, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje sai ka zura hannu ta taga. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa saboda kiret-kiret ɗin ƙwai. Matarsa ta ce a gidan nan ƙwai ya fi kowa samun makwanci mai laushi. Ya ce ai shi ne ke fita aiki.

Duk shekarun nan tayoyin gwanjo yake sawa. Ni nake ɗaura su, ni nake musu faci, wata har faci a kan faci. In ya kafe a kwari sai ya naɗe wando, ya ɗauko shebur, ya haƙa, ya cusa itace, ya fito. Ya iso rumfata da taɓo har gwiwa ya ce, "Yau hanya da sauƙi."

Bara gab da damina ya zo ya zauna a bencina, ba tare da taya ta sace ba. Na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Mai Faci, likita ya ce hantata ta gama aiki. Wai da wuya in ga ƙarshen damina."

Na ajiye ƙarfen da ke hannuna.

Ya ce, "Na gaya masa ƙarshenta bai dame ni ba, tsakiyarta ce matsala. Auta ce za ta riƙa fito da ƙwai, kuma ba zan bar ta tana haƙa ita kaɗai a kwarin nan ba. Taya nake so."

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe. Yayyenta aure da aiki sun kai su nesa, ita ta gama makaranta ta dawo ta riƙe kaji. Ta iya tuƙi, shi ya koya mata, amma da rani. Ba ta taɓa shiga taɓo da mota ba. In ta kasa ƙetare kwarin, gidan kajin ya mutu, kuma da shi ita da mahaifiyarta suke ci.

Asibiti bai bar masa abin kirki a hannu ba. Ko dai ya sayi sababbi masu suna guda biyu, ko masu suna na gwanjo huɗu, ko kuma sababbi masu araha huɗu, irin waɗanda ko mai sayarwa sai ya duba jikinsu kafin ya faɗi sunansu. Na ce masa motar da ƙafa huɗu ke ja ba ta son a haɗa mata sabuwa da suɗaɗɗiya. Ya ce to biyu sun fita. Na ce akwai gwanjo masu kyau. Ya ce, "Gwanjo na mai ƙarfin haƙa ne."

Ranar da za mu layin masu taya ya zo da bokitin fenti a rufe. Na ce me ke ciki? Ya ce kwari. Ashe ya sa an haƙo masa ƙasar tsakiyar wurin, ya zuba ruwa ya kwaɓa har ta koma yadda take a tsakiyar damina.

Mai shagon farko ya gangaro da wata taya yana buga ta da tafin hannu. Ya ce, "Baba, wannan ko cikin kogi ka shiga da ita sai ta fito da kai."

Mai Ƙwai ya ce madalla. Ya buɗe bokiti, ya naɗe hannun riga, ya shiga cusa taɓo tsakanin haƙoran tayar har suka ɓace. Ya ce in ɗaga in buga ta da ƙasa in gangara ta. Na yi. Taɓon bai motsa ba, tayar ta yi sumul kamar an suɗe ta.

Ya ce, "Ka gani? Ta cika baki ta yi shiru. Wannan in ta shiga kwari juyi kawai za ta yi a wuri ɗaya."

Mai shago ya ce, "To Baba, wa zai wanke mini?"

Ya ce, "Ga Mai Faci nan."

Ni na wanke.

A shago na gaba aka fito da mai manyan haƙora kamar ta tarakta. Bugu ɗaya taɓon ya zube duka. Na ce alhamdu lillahi, mun gama. Ya ce in gangara ta a kan siminti. Tana tafiya tana gaf-gaf-gaf, har ƙasa na amsawa. Ya ce, "Rabin hanyar yarinyar nan kwalta ce. Da wannan kafin ta kai shagon farko ƙwai ya kaɗu, sai dai a kawo kasko." Na ƙara masa da cewa irinta tana santsi a jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma kwalta na cinye ta da wuri. Ya ce, "Kai ma ka san abu, in an matsa maka."

Kafin azahar labarinmu ya zaga layin. Muna doso shago sai ka ga mai shi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kaya sun ƙare, alhali ga su jibge a bayansa har rufi. Wani ya ce mu tsaya daga nan, zai gangaro mana da ita waje.

Can ƙarshen layi wani dattijo ya hango mu, ya shiga ciki ya fito da bahon ruwa da tsumma ya ajiye, ya ce mu yi abin da ya kawo mu. Tayarsa mai matsakaitan haƙora ce, da faɗi a tsakaninsu, gefenta kuma da kauri. Na duba shekarar da aka yi ta, ba ta kwana a sito ba. Aka cusa taɓo, na buga, yawanci ya faɗo. A siminti tana ɗan gurnani amma ba ta tsalle. Mai Ƙwai ya ce a fito da sauran ukun, kowace sai an gwada ta.

Dattijon ya ce, "Ai iri ɗaya ne, malam."

Ya ce, "'Ya'yana ma iri ɗaya ne, amma ɗaya ce ta zauna."

Lokacin da muka gama yana zaune a kan wata taya, zufa ta jiƙa masa riga. Na ce mu tafi gida. Ya ce sai an ɗaura. Muka koma rumfata na ɗaura, yana bin bayana yana taɓa kowane noti da yatsa, kamar yatsan zai gane abin da sufana ta manta. Ban hana shi ba.

Abin da ya so shi ne ruwa ɗaya mai ƙarfi, ya zauna a gefen Auta ta ratsa kwarin yana gani. Sai damina ta yi jinkiri. Yakan sa a fito masa da kujera ƙofar gida ya yi ta kallon gabas. Da ya daina iya fitowa, daga kan gado yake koya mata, hannu ɗaya sitiyari ɗaya giya: giya ta biyu, kada ki ɗaga ƙafa, kada ki taka birki, in bayan mota ya karkace ki bi shi a hankali. Yayyafi kawai ya gani. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama. Ban taɓa yin aboki kamarsa ba, kuma a shekaruna ba na sa ran wani.

Ba a daɗe ba aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe ban buɗe rumfa ba. Na ɗauki shebur da igiya na taka har bakin kwarin na tsaya. Ruwa ya kwanta, taɓon na sheƙi.

Sai ga jif ɗin daga can ƙetare. Auta ta tsaya, ta sauko, ta zaga ta rage wa kowace taya iska kaɗan don ta ƙara kama ƙasa. Ta daɗe tana kallon kwarin kafin ta koma ciki. Ta shiga a hankali. A tsakiya motar ta nutse har kusan ƙofa, bayanta ya karkace. Ba ta ɗaga ƙafa ba. Tayoyin suka yi ta watso taɓo sama, motar ta yi nishi, ta miƙe, ta hauro.

Ta tsaya a gabana ta leƙo ta taga. Hannuwanta na riƙe da sitiyari kamar za a ƙwace.

"Kawu, ina kwana. Shebur ɗin me?"

"Kwata zan gyara."

"A dajin?"

Ta ce in shigo ta sauke ni. Na waiga baya na duba, ƙwai kaɗan ne suka fashe, su ma na gefe.

A rumfa na tayar da injin bugun iska na bi tayoyin ina mayar musu da iska saboda kwalta. Da na zo ta ƙarshe sai na kasa tashi. Na daɗe a durƙushe, goshina a jikin motar, fiye da yadda aikin ke buƙata.

Can ta ce, "Kawu, masu shaguna na jira."

Na goge fuska, na rufe bakin tayar, na buga mata jikin mota ta wuce.