Auta da Na'urori Masu Dogon Gaisuwa

Autarmu tun tana ƙarama ba ta iya jira ba. Ko ruwa ta ɗora a wuta, sai ta tsaya tana hararar tukunya. Ita ce Allah ya kai aiki inda na'urori ke magana da juna: kwamfutar hawa na uku ta yi tambaya, ta ɗakin ƙasa ta amsa.

Kamfaninsu ya ja sabuwar waya mai gudun tsiya, amma saƙo yana nan yana jan ƙafa. Oga ya tara ma'aikata, ya nuna Auta da biro.

"Ke Sarkin Sauri, ɓarnarki ce. Juma'a in bai gyaru ba, ki bar min kujerar nan."

Kwana uku ta yi a ɗakin na'urori, sanyi na cin yatsunta, tana bin saƙo ɗaya bayan ɗaya. Ran Alhamis da rana ta kira yayanta.

"Yaya, wayar nan lafiyarta ƙalau. Kalma guda za su faɗa wa juna, sai sun buɗe layi, sun gaisa, sun kwafe ta sau uku, sun rufe. Kalma ta biyu, a sake gaisuwa."

"Wane mara aikin yi ya koya musu?"

"Oga. Shekara tara ke nan. Ga sunansa a saman rubutun umarnin da suke bi."

Ta bar layin a buɗe, ta yanke kwafe-kwafen, ta haɗa ƙananan saƙonni su tafi tare. Abin da ke cin minti guda ya koma ƙiftawar ido.

Ran Juma'a mai kamfani ya zo gani. Oga ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, 'yar dabara na yi."

Auta ta miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi me ya canza."

Oga ya yi tari, ya ce ai wayar ce ta warware. Auta ta danna maɓalli, tsohon tsarin ya dawo a kan wayar nan dai. Kowa na kallon allo, saƙo ya koma jan ƙafa.

Mai kamfani ya karanta sunan da ke saman tsohon tsarin, ya miƙa wa Oga hannu.

"Makullin ɗakin na'urori."

Ya karɓa, ya ajiye shi gaban Auta.

Da yamma yayanta ya tare ta a ƙofar gida, baki har kunne, labari ya riga ta isowa. Ta jefa jaka kan kujera.

"Daina washe baki, Yaya. Mutumin nan ko haƙuri bai ba ni ba."