Buhu Ɗari Uku a Littafin Injiniya

Shekara da shekaru ina ba da labari ɗaya a majalisarmu ta Gwangwan: wai lokacin da nake tuƙin babbar mota, na haye tsohuwar gadar rafinmu da buhun gyaɗa ɗari uku, ko gezau ba ta yi ba. Da farko ɗari ne. Ni da ban wuce aji biyu ba, a lissafi ƙari kaɗai na iya. Aminina da muka yi tafiyar tare shi ne shaidata. Sai ya ce, "A gabana aka yi," yana kallon ƙasa don kada dariya ta ƙwace masa.

Bara ya rasu. Bayan sadakar arba'in, injiniyoyi suka zo duba gadar. Suka huda kankaren suka ciri guntu, suka duba tsatsar rodi. Babbarsu, mace ce, ta rusuna ta gaishe ni.

"Baba, takardun ginin gadar nan sun ɓata. In mun san nauyi mafi yawa da ta taɓa ɗauka lafiya, shakkarmu za ta ragu. An ce kai ka sani."

Mutane sun kewaye ni. Na ce ɗari uku. Na waiwaya inda aminina yake zama, ba kowa. Ta rubuta.

Ban taɓa ganin ƙaryata a takarda ba. Ranar kasuwa na ga motar hatsi ta nufi gadar, mata zaune a kan buhuna, har da 'yata ta fari. Washegari na sami injiniyar a ƙarƙashin gadar.

"'Yar nan, goge. Ni da marigayi aminina tsoro muka ji. Sauke kayan muka yi, muka yi ta jida a ka ta cikin rafi har la'asar. Motar kusan wayam ta haye."

"Marigayin ma ya sani?"

"Ai ya fi ni jida."

Ta ce da ma ba za ta dogara da maganar mutum ɗaya ba. Amma ta goge.

Yanzu an kafa allo, manyan motoci ba sa hayewa, sai a amalanke ake kai gyaɗa wancan tsallake. Ba wanda ya yi min gori. Wani lokaci akan ce, "Baba, labarin gada fa?"

Na gwada ba su na gaskiyar sau ɗaya: yadda aminina ya zame da buhu a ka, ya tashi jage-jage da taɓo yana cewa in na faɗa wa kowa sai ya tona ni. Ina zuwa inda yake sa baki sai na dakata, ina jiransa. Daga nan na ɗauki takalmina na tafi gida.