Kwanon da Ya Dawo Wayam

Lokacin muna haya a unguwar Television, maƙwabciyata, wata nas 'yar kudancin Kaduna, ta kawo wa 'yata littafin yara mai hotuna. Ta ce kyauta ce kawai. Ni kuwa na san ruwa ba ya tsami banza.

Tana fita na karɓe shi na duba. Labarin wata tsohuwa ne mai dafa abinci tana aika wa duk unguwa. Ana mayar mata da kwanuka wayam, wasu ko wankewa ba a yi, amma kullum tana murmushi tana sake zubawa.

Nan take raina ya ɓaci. A Kirsimetin da ta wuce matar nan ta aiko mana da shinkafa da kaza, na mayar mata da kwanonta ko ƙwayar gyaɗa babu, domin ranar ba mu da abin sakawa. To ga habaici an yi masa bango mai launi, an biyo da shi ta hannun yarinya!

Maigidana ya ce, "Ke dai kin faye zargi. Littafi ne fa."

Da babbar Sallah na cika kwano da soyayyen nama har murfi ya ƙi rufuwa, na kai mata da kaina. Washegari ta dawo da shi a wanke tas, wayam, tana ta godiya. Sai a lokacin na gane wadda ake so ta zama tsohuwar littafin.