Kwana Goma Sha Ɗaya Ina Jiran Kujerar Kyauta

Shekarar da ruwa ya karya gadar hanyar Wukari, har aka koma tsallakar da motoci a jirgin ruwa, ita ce shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Na haura hamsin lokacin. Bayan la'asar muke zama a wata firamare da ke unguwar Sintali a Jalingo, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Wata Litinin malamarmu tana rubutu a allo sai na ga kamar an jawo baƙin labule daga gefen idona na hagu. Na murza idon, na fita na wanke fuska da ruwan buta, labulen yana nan. Ba ciwo, ba hawaye. Na ce gajiya ce.

Ran Laraba na je asibiti. Likita ya ɗiga mini magani, ya haska, ya daɗe yana leƙe. Ya ce akwai wata 'yar fata a can bayan ido wadda ita ce ke ɗaukar gani, to tawa ta fara ɓanɓarewa kamar tsohon fenti a jikin bango. Ba a yin aikin a Jalingo. Ya rubuta mini takarda zuwa wani asibiti a Abuja, ya kira su ya ji kuɗin aikin, sannan ya kama hannuna.

"Malam, kada makon nan ya fita kana garin nan. In ta kai tsakiyar ido, ko an yi aikin ba lallai ganin ya dawo ba."

Ina da bijimai biyu da na turke a bayan gida. Washegari na kai su kasuwar Iware na sayar. Abin da na samu ya yi daidai da kuɗin aiki da na magani, sai 'yar rarar da ba ta isa kuɗin mota zuwa ba, balle dawowa, domin tun da gada ta karye masu mota suka ƙara kuɗi. Ga Abuja, garin da ban san kowa ba, garin da ake cewa ko inuwa sai ka biya. In na taɓa kuɗin aiki don hanya, na je a banza. In ban taɓa ba, ba zuwa.

Aikina gadi ne da ban ruwan furanni a gidan wata babbar ma'aikaciyar gwamnati, Kirista daga kudu. Shekara tara ina tare da ita. Ina ce mata Madam, tana ce mini Baba. Ran Juma'a da safe ta fito ta same ni da bokiti.

"Baba, lafiya? Fulawa yana can, kai kana ba siminti ruwa."

Na gaya mata zancen ido da zancen Abuja. Maganar cewa kada mako ya fita ce kaɗai ban faɗa ba, don kada ya zama kamar roƙo nake.

Ta zauna a kujerar baranda ta ɗauko waya. Ta ce duk tafiyar da take yi a jirgin sama zuwa taro, kamfanin jirgin yana rubuta mata maki, kamar gyaran da mai awo ke yi wa wanda ya saba saye a wurinsa. Shekara uku tana tarawa ba ta taɓa ba. Makin zai ba ni tikiti zuwa da dawowa, zai kuma biya mini otal kwana biyu. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

Ta ci gaba da latsa waya, ta ɗan ɓata fuska.

"Amma kujerar maki ba kullum yana samuwa ba. Na kusa, sai nan da kwana goma sha ɗaya. Ya yi maka, Baba?"

Takardar likita tana aljihun rigata, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Amma ni tun tasowata ban ga wanda aka miƙa wa kyauta ya ce ta makara ba. Mace ta ba ka abin da ta tara shekara uku, kai kuma ka buɗe baki ka ce a ƙara sauri?

"Ya yi, Madam. Allah ya saka da alheri."

Da na koma gida matata ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kwana nawa ka ce, Malam?"

"Goma sha ɗaya."

"Likita kuma ya ce nawa?"

"Likita ba shi ke da ido ba. Allah ke da shi."

"To Allah ne ya ba ka baki kuma. Ka koma ka faɗa mata. In kunya kake ji ni zan je."

Na ce in ta je gidan Madam da wannan magana ban yafe ba. Ta koma kan tuwo, tana tuƙi kamar da tukunyar take faɗa.

A kwanakin nan na samo wa kaina ma'auni. A shafin farko na littafina akwai baƙaƙe da wasula da malama ta sa muka jera a layi ɗaya. Kullum bayan sallar asuba, in gari ya waye, sai in rufe idon dama da tafin hannu, in kafa na hagu a kan harafin tsakiya, in ƙirga waɗanda nake gani. Ranar farko uku ne suka ɓace daga gefe. Bayan kwana biyu, biyar. Ina ƙirgawa, in rufe littafi, in tafi aiki in gaishe da Madam da fara'a. Sau biyu na iso bakin ƙofar falonta da niyyar magana, sau biyu na ce mata ruwan famfo ne ya ɗauke. Ran kwana na bakwai na rufe idon dama, na nemi harafin tsakiya na rasa. Layin ya lanƙwashe, tsakiyarsa toka. Na zauna a bakin tabarma. Matata ta gani, ta ɗauke littafin daga cinyata ta sa a ƙarƙashin filo.

Ranar tafiya Madam ta sa aka kai ni filin jirgi na Yola. Ban taɓa hawa jirgi ba. An ba ni kujerar taga ta ɓangaren hagu, don haka abin da mutane ke leƙawa suna mamaki ni sai na murɗa wuya gaba ɗaya kafin in gani. Tafiyar da ake kwana a hanya, kafin in gama ruwan da aka ba ni mun sauka.

Daga filin jirgi na wuce asibiti. Likitan Turanci yake yi, wata nas mai jin Hausa tana fassarawa.

"Baba, yana tambaya yaushe abin ya fara."

"Yau kwana goma sha biyar."

Likitan ya ajiye biro. Ya yi magana a hankali, nas ta ce, "Ya ce ta riga ta kai tsakiya. Zai yi aikin gobe don a tsare abin da ya saura. Sauran sai yadda Allah ya yi." Daga nan aka kira nas ɗin wani ɗaki, likitan ya ci gaba da bayani mai tsawo yana nuna hoton ido, ni kuma ina cewa to, to, kamar yadda na saba yi wa manya.

Otal ɗin da maki ya biya, ban taɓa shiga irinsa ba. Zanin gado fari fat, har na ji tsoron kwanciya a kai, na shimfiɗa bargon a ƙasa. Akwai ruwan roba a kan tebur ban taɓa ba, don ban san kuɗinsa ba. Garin rogo da ƙuli-ƙulin da matata ta ƙulla mini na jiƙa da ruwan famfo. Sai ranar fitata maigadin otal ɗin, wani dattijo irina, ya ce ai ruwan da abincin safe duk suna cikin abin da aka biya. Kwana biyu ina wuce ɗakin cin abinci ina jin ƙamshin soyayyen ƙwai ina kau da kai.

Aka yi aiki ran Laraba. Ran Alhamis da safe na koma aka duba, aka sake rufe idon, aka ɗaura mini wani awarwaro na roba mai rubutu a wuyan hannu. Na yi wa nas godiya, na ce bari in hanzarta, jirgina da azahar ne.

"Jirgin me?"

"Na komawa gida. Kyauta ne, an riga an biya."

Ta fizge jakata daga hannuna ta ajiye a bayanta.

"Baba, kai ba ka ji abin da likita ya faɗa ba? Iska aka hura maka a cikin ido don ta danne wurin aikin. In jirgi ya yi sama iskar za ta kumbura, kafin ku sauka idon ya mutu gaba ɗaya. Kuma kwana bakwai za ka yi rub-da-ciki, fuska a ƙasa, sai dai ka tashi sallah da bayan gida."

Na ce ban ji ba, Turanci ne. Ta ce to me ya hana ni tambaya. Ta ciro littafina daga jakar ta buɗe shafin baya ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta ce in karanta mata da bakina. Na bi da yatsa, da ido ɗaya: KADA KA HAU JIRGIN SAMA SAI BAYAN WATA BIYU.

Na fito na tsaya a bakin titi. Kwanakin otal sun ƙare, tikiti ya zama takarda, abin da ke aljihuna ba zai kwanar da ni ko dare ɗaya a garin nan ba. Motoci suna wucewa masu ƙyalli, ba wanda ya kalle ni. An ce in kwanta fuska a ƙasa, ni kuwa ba ni da ƙasar da zan kwanta a kai. Na ciro waya na nemo lambar Madam, na daɗe ina kallonta, na mayar aljihu.

Wurin maigadin otal na koma. A gabansa ne na fara faɗin halin da nake ciki tun daga farko har ƙarshe ba tare da na rage komai ba. Ya ce akwai kasuwa a bayan gari inda motocin doya na Taraba ke sauke kaya. Ya sa ni a motar haya, ya gaya wa direba inda zai ajiye ni.

A kasuwar na yi ta bin rumfuna ina tambaya, kaina a sunkuye, har na ji wani yana zagin kwandastansa da irin Hausarmu ta gida. Direban babbar mota ne, ƙato, mutumin Iware. Na ce masa ni ɗan Jalingo ne, an yi mini aikin ido, ba ni da wurin kwana, ba ni da kuɗin mota, ina roƙo.

"Kawu, roƙon me? Ga buhuna can, kwanta. Sai mun sayar za mu tashi, ka iya jira?"

Na ce jira ai shi na fi iyawa.

Kwana biyar na yi a rumfar doya, goshina a kan nannaɗaɗɗen buhu. Abin da na gani na Abuja ke nan: ƙasa, ɓawon doya, tururuwa, da ƙafafun mutane. Masu rumfa suna miƙo mini gasasshiyar doya da manja, in ci a kife. Direban yana ɗiga mini magani a kan lokaci da manyan yatsunsa masu warin gas, yana ce mini ango mai kunya wanda ba ya ɗaga kai.

Ranar da muka tashi aka shimfiɗa mini buhuna a bayan motar. A bakin karyayyiyar gada, muna jiran layin tsallakawa, direban ya zo ya zauna kusa da ni yana shan rake, ya tambaye ni yadda na zo. Na ba shi labarin maki da kwana goma sha ɗaya. Ya daina tauna.

"Kawu, ka ce a Iware ka sayar da shanun?"

"A nan ne."

"Mu da muke lodi a wurin kowane mako? Da ka yi magana da kowa a tasha, da ka kwana biyu a kan doya ka ganka a Abuja."

Na so in sunkuyar da kai. Dama fuskata a ƙasa take.

Bayan wata biyu iskar ta tsotse, likitanmu na Jalingo ya duba. Gefen ido ya tsira, ina ganin haske da motsin mutum in ya gifta. Tsakiya babu. Da na koma aiki Madam ta karɓi takardun asibiti tana dubawa, har ta kai kan takardar farko, wadda ta zauna a aljihuna ranar da take tambayata ko ya yi. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dubi kwanan watan.

"Baba, wannan yana aljihunka ranar nan?"

"Yana nan, Madam."

"Tikiti na kuɗi akwai washegari. Da na saya maka. Ni na ɗauka ba sauri." Ta zauna a kan matakalar baranda, takardar a hannunta. "Shekara tara, Baba. Shekara tara kana gidana."

Na koma aji a zango na gaba, malama ta dawo da ni bencin gaba, ɓangaren da idon dama ke kallon allo. Da shi na rubuta wannan, kaɗan-kaɗan, bayan la'asar.

Abin da ya tafi: bijimai biyu, makin Madam na shekara uku, tikitin dawowa da ban hau ba, zangon karatu ɗaya, kwana goma sha ɗaya, da tsakiyar idona na hagu.