An Gyara Mini Fuskar Sarauniya

Mai shagon ya miƙo mini hoton yana murmushi, ni kuwa hannuna ya ƙi miƙuwa.

A makarantarmu ta nan ƙasar waje da muke zaune ne aka ce kowa ya kawo hoton wani gwarzo daga tarihin ƙasarsu. Na zana wata sarauniyar ƙasar Hausa da ta jagoranci mayaƙa, na yi ta baƙa wuluk kamar kakata. Jiya Baba ya kai ni wani shago a unguwar Muntaza don a buga mini zanen ya fito babba.

Wadda ta fito daga injin fara ce sol, har hancinta an sirantar.

A hankali na ce masa, "Ba haka na zana ta ba."

Ya ce, "Gyara na yi miki, kyauta. Ba sarauniya kika ce ba? In na bar ta yadda take, 'yan ajinku za su ɗauka 'yar aiki ce."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na dubi Baba, yana sanye da kakinsa na gadi. Ya kawar da kai, ya ce, "Kalas, ya isa haka, Hafsatu, karɓi mu tafi, kar in makara aiki."

Yau malama ta manna hoton a tsakiyar allo, ta ce ya fi na kowa kyau. Aji ya ɗauki tafi, ina tsaye a gefen matar da ban sani ba.

Don Allah ku gaya mini, da ku ne, za ku karɓi wannan tafin?